Surukin Asta a Ɗakin Gwaji

A danginmu in ana lissafin masu kunya, da Adda Asta ake farawa. In aka koma lissafin masu taurin kai, nan ma ita ce a gaba. Mutane kan yi mamakin yadda halayen nan biyu suka zauna a jikin mutum ɗaya lafiya lau. Gaskiyar magana sun taɓa yin faɗa, shekarar da ta shiga jami'a, kuma saura ƙiris karatun nata ya tafi a wannan faɗan.

A Tibati aka haife ta, a ɗakin kakarta Inna Dudu, amma a Ngaundare ta taso, bayan tashar jirgin ƙasa, inda mahaifinta ke ɗinki. Ba ta da surutu tun tana ƙarama, tambayoyinta a ciki take yin su, hannunta ya nemo amsa. Ita ce ta taɓa matsa lemon tsami a madarar shayin babanta don ta ga abin da zai faru. Ta gani kuwa, ta kuma sha tsumagiya. Da ta gama sakandare ta auri Sajo, ma'aikacin jirgin da ke zuwa Yawunde, wanda ta daɗe tana so ba ta gaya wa kowa ba, har shi ya gaji ya faɗa. Shi ya je ya yi mata cuku-cukun shiga jami'a. Burinta ta karanci sarrafa abinci, musamman nono, don ta tsani ganin yadda ake zubar da shi da damina in ya yi yawa ya lalace.

Sajo maraya ne. Wan mahaifinsa, Baffa Hamajoda, shi ya riƙe shi, ya sa shi makaranta, ya tsaya masa a aure. Saboda haka a wurin Asta, Baffa suruki ne cikakke. Ba ta kiran sunansa, ko yaron maƙwabta mai irin sunan sai dai ta ce masa "mai sunan Baba". In ta jiyo gyaran muryarsa a zaure, ta shige ɗaki. In suka yi kaciɓis babu wurin ɓuya, sai ta tuɓe takalma ta durƙusa, ta gaishe shi da muryar da kukan sauro ya fi ta ƙarfi, shi kuma ya kau da kai ya amsa wa bango. Haka ake yi, ba wanda ya taɓa ganin wani abu a ciki.

Kowa ya san Baffa malamin kemistiri ne a jami'a, amma manyan ɗalibai yake koyarwa, masu shirin fita. Sajo ya ce mata ta kwantar da hankalinta, kafin ta kai ajinsa ya yi ritaya. Ashe a shekarar malamin 'yan aji ɗaya zai tafi ƙaro karatu, a miƙa wa Baffa ajin.

Ranar farko Asta ta hau can layin sama na babban zauren karatu, wanda kujerunsa ke hawa-hawa kamar matakala. Ta fito da littafi ke nan sai ta ji gyaran muryar da ta sani. Ga surukinta tsaye a ƙasa yana goge allo, ga ta zaune a sama, tafin takalminta daidai saitin hularsa. Ta sulale har sai da haɓarta ta taɓa tebur.

Wadda ke kusa da ita, wata 'yar kudu mai suna Odil, ta leƙo ta ce, "Ke, bironki ne ya faɗi ko ke ce kika faɗi?"

"Surukina ne," in ji Asta a hankali.

"Wannan? To ai kin haye. Ni da surukina ne, yau zan kai masa kaza ya gaya mini abin da zai fito."

Daga nan suka ƙulla ƙawance. Zauren karatun bai zama matsala ba, don jama'a da yawa, Asta ta samu wani ginshiƙi ta riƙa zama a bayansa, tana jin muryar malam ba ta ganin malam. Karatun kuwa yana shiga. Ta manna jadawalin sinadarai a bangon kicin tana haddacewa tana tuƙa tuwo. Ita da Odil kan zauna gindin mangwaro su yi ta daidaita lissafin haɗe-haɗe, abin da ke hagu sai ya yi daidai da na dama, kamar rabon naman layya tsakanin gida biyu masu ido. In Sajo ya dawo daga tafiya ya karɓi littafin ya yi mata tambayoyi, yana kiran sunayen sinadaran kamar sunayen tashoshin jirgi.

Ɗakin gwaji ne ya zame mata dutse. Can ɗalibai kaɗan-kaɗan ake shiga, babu ginshiƙi, kuma doka biyu ce a bakin ƙofa: farar riga, da rufaffen takalmi, saboda fasasshen gilashi da ruwan asid. Baffa ya yi suna wajen korar duk wanda ya karya su. Asta na shiga ta hango shi, kafin ta yi tunani ƙafafunta sun tuɓe takalman da kansu. Baffa na zagayawa idonsa a ƙasa yana duban ƙafafu, sai ya ga tafin ƙafa da lalle a kan siminti.

"Wace ce wannan mai neman..." Ya ɗago. Maganar ta maƙale. Ya juya ya fuskanci taga ya ce, "A gaya wa masu takalma su sa takalmansu."

Odil ta raɗa mata, "Da tagar yake ko da ke?"

Asta ta sa takalman, tana jin kamar a kan hularsa take tafiya.

Babban aikin zangon shi ne awon ƙarfin asid. Ana zuba asid ɗin a kwalba mai faɗin gindi, a ɗiga masa wani magani mara launi. A samansa akwai dogon bututun gilashi mai ɗan famfo, cike da ruwan soda. Sai ka riƙa sakin sodar a hankali kana juya kwalbar, har ruwan ya ɗan yi ja-ja, kaɗan ƙwarai, nan take ka rufe famfo ka karanta awo. Ɗigo ɗaya in ya wuce, lissafi ya ɓaci. Aikin na son ido a kan kwalba da hannu a kan famfo, Asta kuwa kunnenta na kan takun Baffa. Da zarar ya doso layinsu sai ta durƙusa, famfo a buɗe. Kafin ya wuce ta miƙe, ruwan ya yi jawur. Ba a jima ba ajin ya laƙaba mata Mai Zoɓo.

Shi ma Baffan ba a sake yake ba. Kowa yana tsaya masa a kai, ya gyara masa riƙo, ya zazzage shi da faɗa. Odil kaɗai ta sha "kan kifi" ya fi a ƙirga. Amma in ya zo teburin Asta sai ya yi kwana kamar mai kauce wa rijiya. Kowa na shan faɗa yana ƙaruwa, ita tana shan girmamawa tana tsaye wuri ɗaya. Mataimakinsa da ke duba rahotannin gwaji ya yi ta zana mata jan biro.

Da jarrabawa ta matso aka faɗi tsarinta. Ta rubutu daban, ta gwaji daban, kuma wanda ya faɗi ta gwaji ya faɗi kemistiri duka. Kowa shi kaɗai a teburinsa, malam zai zo ya tsaya a kansa ya yi masa tambaya. Wanda bai ci ba sai ya dawo maimaici a tsakiyar dogon hutu. Nan ne matsalar Asta take, don a lokacin tana da cikin fari, kuma watan maimaicin shi ne watan da za a kai ta Tibati haihuwa. In ta faɗi yanzu shekarar ta tafi, ta kuma san abin da dangi za su ce in ga jariri ga aji ɗaya ba a wuce ba: a haƙura haka nan, Allah bai nufa ba.

Ta roƙi Sajo ya je ya yi wa Baffa magana. Ya sa babbar riga ya tafi da ƙarfin gwiwa. Sai dai shi ma ina ya ga bakin yi wa uba zancen matarsa? Ya daɗe a can ya dawo.

"Me ya ce?"

"Ya ce bana masara za ta yi kyau."

"Sai kuma me?"

"Ya tambayi lafiyar jirgi."

Da ta ga haka sai ta kafa nata ɗakin gwajin a tsakar gida. Ta rataya gorar ruwa a igiyar shanya, ta samo robar ƙarin ruwa daga kemis ta zama famfo, ta jiƙa kanwa a sama, ta sa ruwan zoɓo a kofin gilashi a ƙasa, tunda shi ma yana sauya launi in kanwa ta isa. Hannunta kuwa ya iya, in ita kaɗai ce. Don haka ta ce Sajo ya sa doguwar hula, ya goya hannu a baya, ya riƙa zagayawa yana gyaran murya irin ta Baffa, ko ta saba. Ta san Sajo ne, tana ganin silifas ɗinsa, amma yana yin "ehem" gwiwoyinta suka kai ƙasa.

A haka Inna Dudu ta yi sallama ta same su, ta sauka daga motar Tibati da ƙwaryar man shanu a ka. Ta dubi jikarta a durƙushe gaban gora, ta dubi Sajo da hula har gira.

"Wannan kuma wane irin bori ne? Ko abin da ake koya muku ke nan a jami'ar?"

Suka yi mata bayani, Sajo na faɗa Asta na sunkuyar da kai. Inna ta sauke ƙwarya ta zauna ta miƙe ƙafa.

"Wai wane surukin? Joda?"

Asta ta toshe kunne. Inna ta yi dariya har da tari.

"Joda mai kunnen zomo ne zai hana ki cin jarrabawa? Ke, saurara. Shekarar da aka haife shi uwarsa ta kwanta ciwo, nononta ya ɗauke. Rugarsu na kusa da tamu, innata na goyona. Aka kawo shi aka ajiye mata. Nono ɗaya muka sha har yaye, yana ture ni yana cizo, shi ya sa na fito 'yar ƙarama. Ƙanena ne. To ƙanen kakarki mene ne ɗinki?"

Asta ta ce, "Kaka."

"Ana durƙusa wa kaka? Kaka ai abokin tsiya ne."

Sajo ya cire hula, fuskarsa ta sauya. "Inna, to auren namu fa?"

"Kai ka sha? Ubanka ya sha? To zauna, ba da kai ake ba."

"Amma me ya sa ba a taɓa faɗa ba?"

"Wa ya tambaye ni? Waɗanda suka sani sun mutu, shi kuma ya zama babban malami, sai in bi gari ina shelar ya sha nonon uwata?"

Asta ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Inna, duk da haka surukina ne."

"Saniya ma tana da ƙaho tana da hantsa. Mai tatsa ya san gefen da yake tsugunawa."

Washegari da yamma Baffa ya zo gaida Inna, don ta aika masa cewa in bai zo ba ita za ta je ajin nasa. Asta na ɗaki bayan labule, tana jin komai.

"Joda, ka tsufa."

"Ke kuma har yanzu ba ki ƙara tsawo ba, Dudu."

"Wa ya shanye rabona? Ba wannan ya kawo ni ba. Yarinyar nan jikata ce ko ba jikata ba ce?"

"Jikarki ce."

"Kai kuma ƙanena ne ko ka manta?"

"Ina na isa."

"To na raba muku. A gida surukarka ce, ta ɓuya ka ɓuya, ban hana ba. Amma duk inda ta sa farar rigar nan tasu ta mahauta, jikarka ce. Ka zage ta, ta rama."

Asta ta zaci Baffa zai ɓata rai. Sai ta ji ya sauke numfashi.

"Wallahi Dudu kin sauke mini kaya. Tun farkon zango nake ganin yarinyar nan tana riƙe famfo da hannun dama. Da hagu ake riƙewa, dama ta juya kwalba. Kullum da maganar nake kwana, bakina ya ƙi buɗuwa."

Asta ta san da hagu ake yi, tana ganin kowa. Amma ta yaya za ta yi aiki da hagu a gaban suruki?

Baffa ya ƙara da cewa makinta dai ba shi zai bayar ba, wata malama zai sa, kada a ce. Inna ta ce wannan ruwansa, ita dai a bar yarinya ta tsaya da ƙafafunta.

Faɗa a baki da sauƙi. Ranar bitar ƙarshe kafin jarrabawa, Asta ta sa farar riga ta ɗaure takalma. Ta gaya wa Odil yadda aka yi, Odil ta ce ita fa lissafin danginsu ya fi kemistiri wuya, amma za ta taimaka. Da takun Baffa ya doso, Asta ta fara yin ƙasa za ta durƙusa, sai Odil ta damƙe wuyan rigarta ta baya kamar mai riƙe ɗan akuya.

Baffa ya tsaya. Ya dubi silin, ya dubi taga, da ƙyar ya sauko da idonsa kan kwalbar, wadda tuni ta yi jawur.

"Ke amaryata," ya ce, "wannan zoɓon na sayarwa ne ko na sadaka?"

Ɗakin ya yi tsit. Ba wanda ya taɓa jin Malam ya yi wa wani wasa, balle wadda yake yi wa kwana. Asta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Amma jikar da kaka ya tsokana ta kasa ramawa, kakarta ta kunyata, kuma ta san Inna na gida tana jiran labari.

"Na tsofaffi ne," ta ce da 'yar siririyar murya, "marasa haƙori."

Wani ya fashe da dariya a baya, ajin ya ɗauka. Baffa ya kama baki wai shi an ci masa mutunci.

"To mara kunya, zubar ki sake. Hagu a famfo. Hagu na ce, hannun ado ne? Juya kwalbar, ba dama fura kike ba. Sa farar takarda a ƙasa ki ga launi. Yanzu ɗigo-ɗigo. Kan kifi kawai."

Odil ta ce ba ta taɓa ganin wanda aka ce wa kan kifi yana murmushi ba sai ranar. Asta ta sake, ta wuce. Ta sake, ta kuma wucewa kaɗan. Baffa na tsaye a kanta yana zuba mata faɗan zango guda da ya tara. Kafin a tashi ta samu launin, ɗan ja-ja mai haske kamar dasashin jariri, wanda in ka kau da ido sai ka ce babu.

Sauran kwanakin ta raba su biyu, safiya ga gora da zoɓo, yamma ga tsofaffin tambayoyi gindin mangwaro. Inna ta ƙi komawa Tibati, ta karɓe girki, tana cewa ita ba ta ga abin wahala a karatun da duk ɗiga ruwa ne ba.

Ranar jarrabawar gwaji babu Odil a kusa, an kai ta wani layi. Malamar da za ta ba da maki na zaune a gaba, Baffa na zagayawa. Asta ta ji takunsa daidai lokacin da jan ya fara bayyana yana ɓacewa, wato saura ɗigo kaɗan. Gwiwarta ta ɗan motsa. Ta dubi hannun farar rigarta, ta cije, ta bar idonta a kan kwalba. Ya tsaya ya tambaye ta me ya sa ake ɗauraye bututun da ruwan sodar kafin a cika shi. Ta amsa a tsaye, ba ta dube shi ba, wannan karon ba don kunya ba, don ɗigon da ke lilo a bakin famfo. Ya faɗa. Launin ya zauna. Ta rufe.

Baffa bai tsokane ta ba, ranar jarrabawa ba ranar wasa ba ce. Ya wuce yana gyaran murya.

Ta ci. Ba ita ce ta ɗaya ba, rahotannin baya masu jan biro sun ja ta ƙasa, amma ta haye da ɗan rata, ta rubutu kuma ta ɗaga ta. Odil ma ta haye. Asta ta tafi Tibati hankali kwance ta haifi namiji, Sajo ya sa masa sunan Baffa. Ga ɗan fari ga sunan suruki, har yau ba wanda ya taɓa jin ta kira yaron nan da wani abu da ya wuce "kai".

Yanzu shekarunta da yawa a wani kamfanin yogot da ke hanyar fita gari. Ita ke karɓar madarar da makiyaya ke kawowa da safe, ta ɗiba ta auna tsaminta, ta ce a shiga da ita ko a koma da ita. Makiyayan na tsoronta, suna kuma yabonta, don ba ta duban fuska.

Baffa ya yi ritaya ya koma kiwo. Yana da masu kula masa da shanun, yana da yaran da za su kai madara, amma shi yake ɗaukowa da kansa a bayan tsohuwar motarsa. A gida in ya je ba ya samun ko inuwarta, 'ya'yansa kuma duk "to Baba" suke ce masa. Kwanan baya na je kai mata saƙo na tarar da shi a layi da jarkokinsa, ita kuma tana cikin farar riga tana juya kwalba.

"Tsoho, madarar nan ta kwana."

"Ƙarya kike, da asuba aka tatsa. Hannunki ne mai tsami."

"Ga awo nan, sa gilashinka ka duba, in idon na gani."

Ya sa gilashi ya sunkuya ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Jarka ɗaya ce ta jiya," ya ce. "Na haɗa ne in ga ko kina barci."

"To kai gida a dama maka fura."

Ya kwashi jarkokinsa yana mita, wai yaran zamani ba su san girman miji ba. Makiyayin da ke bayansa a layi ya matso da tasa madarar, jikinsa a sanyaye.